Mece ce "mod" a wasannin bidiyo, kuma wane amfani take yi wa wanda bai iya haɗa manhaja ba?

Idan matashi ya ce wa abokinsa a majalisa ko a gidan gem, "turo min mod ɗin wasan nan", galibi abin da yake nufi shi ne kwafin wasan waya da aka fasa, wanda kuɗin cikinsa ba sa ƙarewa, ko wanda yake bai wa mutum damar hango abokin karawarsa ta bayan katanga. Da wannan ma'anar kalmar ta yaɗu a tsakaninmu, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarta da maguɗi da satar fasaha abu guda. A daidai wannan lokaci kuma, manyan kamfanonin wasanni suna kashe kuɗi da lokacin ma'aikatansu wajen ƙera kayan aikin yin mod, su kuma raba wa jama'a kyauta. A watan Mayun 2024 kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya saki REDkit domin wasan The Witcher 3, a watan Satumban shekarar kuma kamfanin Larian na Beljiyam ya saki nasa domin Baldur's Gate 3. Ta yaya abin da ake rufe wa mutum asusu saboda shi a wani wasa ya zama abin da kamfani ke tallatawa a wani? Kuma mai buga wasa na gama-gari, wanda ba zai taɓa zama ya rubuta umarnin kwamfuta ba, mene ne rabonsa a cikin waɗannan kayan aiki?

Abubuwan da suka yi tarayya a suna ɗaya

Kalmar "mod" guntuwa ce ta wata kalmar Turanci mai nufin sauya fasalin abu, kuma kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce kwaskwarima. Kowane wasan bidiyo yana da ɓangarori biyu. Akwai injin, wato manhajar da ke zana hoto a allo, tana lissafa yadda ƙwallo za ta tashi ko yadda mota za ta sha kwana. Akwai kuma kayan da aka ɗora wa injin: taswirori, fuskokin mutane, tufafi, sauti, rubutun labari da ƙa'idojin wasa. Mai kwaskwarima yana taɓa ɓangare na biyun ne a mafi yawan lokuta. Ya yi kama da wanda ya sayi mota daga kamfani, ya kai ta wajen masu walda da fenti aka sauya mata kujeru, aka ƙara mata kariya, injin kuwa yana nan yadda aka ƙera shi, motar kuma da kuɗinsa ya saye ta.

Wannan ita ce kwaskwarima ta asali, kuma sharaɗinta shi ne mutum ya mallaki wasan, ya kuma yi sauyin a kwafinsa ko a tsakanin waɗanda suka amince su yi wasa a kan sabuwar ƙa'idar. Manhajar maguɗi daban take, domin ana shiga da ita fagen da ake karawa da wasu mutane ta intanet ba tare da saninsu ba, don a ci nasara a kansu da abin da ba su da shi. Fasasshen kwafi shi ma daban yake, domin manufarsa cire makullin biyan kuɗi. Fasahar da ake amfani da ita a ukun tana iya yin kama, kamar yadda wuƙar mahauci da ta ɗan fashi ƙarfe ɗaya ne, amma kamfanoni da su kansu masu kwaskwarima suna bambanta su ƙwarai. PUBG Mobile yana rufe asusun wanda aka kama da manhajar maguɗi har na tsawon shekara 10, alhali shi kansa wasan daga kwaskwarima ya samo asali.

Yadda al'adar ta faro

Ana yawan danganta kafuwar wannan al'ada da wasan Doom, wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a watan Disambar 1993. Masu haɗa shi sun lura cewa mutane sun riga sun fara fasa wasansu na baya suna sauya masa hotuna, sai suka yanke shawarar ware kayan wasan a fayil na daban da ake kira WAD, nesa da injin, ta yadda mutum zai iya zana sabon fage ba tare da ya lalata wasan ba. Cikin watanni kaɗan masu sha'awa suka ƙera manhajojin zana taswira suka yaɗa su, a 1997 kuma kamfanin ya saki rubutun injin ga kowa.

Abin da ya biyo baya ya sauya masana'antar baki ɗaya. A 1999 wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka gina Counter-Strike a kan wasan Half-Life na kamfanin Valve, kamfanin ya sayi aikin ya ɗauke su, ya fitar da shi kasuwa a 2000. Wata taswira mai suna Defense of the Ancients, wadda aka zana a 2003 da manhajar da kamfanin Blizzard ya haɗa a cikin Warcraft III, ita ta haifar da nau'in wasan da League of Legends na 2009 da Dota 2 na 2013 suka bi. A 2012 Dean Hall ya fitar da DayZ a kan wasan soja na Arma 2, mallakar kamfanin Bohemia Interactive na Jamhuriyar Cek, har tsohon wasan da ya fito tun 2009 ya koma sahun gaba a ciniki saboda mutane suna sayensa don kawai su buga kwaskwarimar. A kan DayZ ɗin ne Brendan Greene ya gwada tsarin da ake zuba 'yan wasa a fili ɗaya yana ta ƙanƙancewa har mutum ɗaya ya rage, daga baya wani kamfanin Koriya ta Kudu ya gayyace shi suka fitar da PUBG a 2017. Duk wanda ya taɓa dira da laima a PUBG Mobile, ko a Free Fire da ke bin irin wannan salon, ya ci moriyar aikin masu kwaskwarima ko da bai taɓa sauke ko guda ɗaya ba.

Kayan aikin da kansu

Idan an ce kayan aikin kwaskwarima, ana cakuɗa abubuwan da ba mutum ɗaya suke yi wa aiki ba, kuma a nan ne mai karatu na gama-gari yake yanke ƙauna ya ce abin ba nasa ba ne.

Akwai waɗanda kamfanin da ya yi wasan yake fitarwa da kansa, waɗanda kusan su ne ma'aikatansa suka yi amfani da su wajen gina wasan. Kamfanin Bethesda ya fi kowa suna a nan: ya haɗa irin wannan manhaja da wasan Morrowind a 2002, ya kuma saki Creation Kit a watan Fabrairun 2012, wata uku bayan fitowar wasansa na Skyrim. Da irinsu ake gina gari, a ƙirƙiri mutane, a rubuta musu magana. Koyonsu yana cin watanni, suna kuma buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Akwai kuma waɗanda 'yan sa-kai suke ƙerawa idan kamfani bai buɗe ƙofa ba, kamar OpenIV na wasannin GTA, da Forge da Fabric na Minecraft, da SMAPI na Stardew Valley. Aikinsu shi ne buɗe kafar da sauran kwaskwarimomi za su shiga cikin wasan.

Kashi na ƙarshe shi ne ya shafi yawancin mutane, wato manhajojin da ke saukewa da jera kwaskwarimar da wasu suka gama yi. A da, sai mutum ya kwafi fayiloli da hannunsa ya zuba su a inda ya dace, kuskure ɗaya kuma yana iya hana wasan tashi. Yanzu a Steam Workshop, rumbun kwaskwarima na kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, maɓalli ɗaya ake dannawa. Shafin Nexus Mods na Birtaniya, wanda tushensa ya faro tun 2001, yana da manhajar Vortex, akwai kuma Mod Organizer 2 da ke ajiye kwaskwarima nesa da ainihin fayilolin wasan don a iya cire ta ba tare da ɓarna ba. Wata ƙaramar manhaja mai suna LOOT tana warware matsalar jeri, domin idan kwaskwarima biyu suka taɓa abu ɗaya, wadda aka loda a ƙarshe ita ke rinjaye, kuma jerin da bai dace ba shi ne yake yawan kashe wasa a tsakiyar bugu. A ganina waɗannan manhajojin jerawa sun fi manyan kayan ƙira tasiri a rayuwar mai buga wasa, duk da cewa ba su ake yi wa shela ba.

Inda amfanin yake

Amfani na farko, wanda ba a cika ambatonsa ba saboda ba shi da ƙyalƙyali, shi ne gyaran abin da kamfani ya bari a lalace. Lokacin da Dark Souls ya fito a kwamfuta a 2012, an kulle hotonsa a ƙaramin ma'auni na 1024 da 720, ko da kuwa allon mutum ya fi haka nesa ba kusa ba. Wani mai sha'awa da ake kira Durante ya saki gyara mai suna DSfix a daidai lokacin fitowar wasan, ya kuma zama abin da kusan kowa yake fara sakawa. A 2021 wani mai amfani da laƙabin t0st ya binciki dalilin da ya sa GTA Online yake ɗaukar kimanin minti 6 kafin ya buɗe a kwamfutarsa, ya gano cewa wasan yana karanta wani fayil na jerin kayayyaki ta hanya mai ɓata lokaci, ya rage jiran da kusan kashi 70 cikin 100. Kamfanin Rockstar mai wasan ya tabbatar da binciken, ya saka gyaran a wasan, ya kuma biya shi dala 10,000. Miliyoyin mutane sun shafe shekaru suna wannan jira. Akwai kuma wasannin da kamfanoninsu suka rushe, kamar Vampire: The Masquerade – Bloodlines na 2004, wanda kamfanin Troika da ya yi shi ya rushe a 2005 ya bar shi cike da kurakurai, 'yan sa-kai suka ci gaba da gyara shi shekara da shekaru.

Na biyu ya fi kusa da halin da yawancin masu karanta wannan suke ciki, wato ƙarancin ƙarfin na'ura. Wanda yake da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ya saya ta hannu ba ya neman ƙarin kyan hoto, burinsa wasan ya daina tsaitsayawa. A Minecraft, kwaskwarima irin su Sodium da OptiFine suna sauya yadda ake zana hoton don ya yi sauƙi a kan na'ura mai rauni. A wasu wasannin ana samun waɗanda ke rage nauyin hotuna, su cire inuwa da hazo da ciyayi. Haka nan batun kuɗi: sabon babban wasa yana kaiwa dala 60 zuwa 70, nauyinsa kuma yana iya wuce gigabait 100, wanda ga mai sayen data kaɗan-kaɗan wani kuɗin ne na daban. Tsohon wasa ɗaya da ke karɓar kwaskwarima yana iya riƙe mutum shekaru. Enderal, wanda wata ƙungiyar Jamusawa ta gina a kan Skyrim, cikakken wasa ne mai labarinsa da ƙasarsa, kuma kyauta ne ga wanda ya mallaki na asalin.

Na uku shi ne masu buƙata ta musamman, kuma wannan ɓangaren ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai makafi da suke buga wasan kati na Hearthstone saboda kwaskwarimar Hearthstone Access, wadda ke karanta musu abin da ke allo da murya, akwai kuma Stardew Access da ke yin irin wannan aiki a wasan noma na Stardew Valley. Wasu suna ƙara girman rubutu, wasu suna sauya launuka domin wanda idonsa ba ya bambance ja da kore, wasu kuma suna rage yawan maɓallan da ake dannawa domin mai hannu ɗaya. Kamfani yana lissafin yawan masu saye kafin ya kashe kuɗi a kan irin wannan, ɗan sa-kai kuwa yana iya yi saboda mutum ɗaya da ya sani.

Sannan akwai amfanin da muka daɗe muna ci ba mu san sunansa ba. Wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, wato Winning Eleven ko PES, a shekarun baya ba shi da lasisin yawancin ƙungiyoyin Ingila, shi ya sa a wasu shekarun Manchester United ta riƙa fitowa da sunan Man Red, Arsenal kuma North London. Faya-fayan PlayStation 2 da suka cika gidajen gem, waɗanda suke zuwa da sunaye na gaskiya, da rigunan kakar bana, da ɗan wasan da aka saya a watan jiya, aikin masu kwaskwarima ne. A Burazil irin wannan aiki ya shahara da sunan Bomba Patch, har ya raya tsohuwar na'urar shekaru bayan kamfaninta ya daina ƙera ta. Gaskiya ne cewa waɗancan faya-fayan kwafi ne da ba a biya haƙƙin mai su ba, a nan ne kuma kwaskwarima da satar fasaha suka haɗu a faifai ɗaya, abin da ya ƙara rikita ma'anar kalmar a wurinmu. Daga baya Konami ya buɗe halastacciyar hanya a PlayStation 4, inda mutum zai zuba fayil ɗin riguna da sunaye a filashi ya shigar da shi wasan da ya saya.

Ƙofar tana hannun kamfani

Duk wannan amfani yana tsaye ne a kan ƙasar da ba ta masu kwaskwarima ba. Wanda ya sayi wasa izinin amfani ya saya, haƙƙin mallaka yana nan a hannun kamfani, kuma kowane kamfani da irin halinsa. A watan Yunin 2017 kamfanin Take-Two, uwar Rockstar, ya aika wa masu OpenIV takardar lauya cewa su daina, sai da jama'a suka yi ca a kansa kafin aka sassauta, aikin ya dawo. Shekara 6 bayan haka, a watan Agustan 2023, Rockstar ɗin ya sayi ƙungiyar da ke bayan FiveM, manhajar da mutane ke kafa garuruwansu na GTA V da ita, bayan ya taɓa korar masu haɗa ta daga wasan. Nintendo na Japan bai cika sassautawa ba, a 2024 ma ya sa an kwashe kayan da suka shafi wasanninsa daga rumbun kwaskwarimar wasan Garry's Mod. Blizzard kuwa, da ya ga yadda Dota ta kuɓuce masa ta koma hannun Valve, sai ya rubuta a sharuɗɗan Warcraft III: Reforged na 2020 cewa duk wasan da aka ƙirƙira da kayan aikinsa mallakarsa ne.

Hujjar kamfanoni ba ta rasa tushe. Suna tsoron a jingina musu abin da ba su yi ba, musamman kayan batsa ko na ƙiyayya, suna kuma tsoron kwaskwarima ta buɗe kafar maguɗi a wasannin intanet da suke samun kuɗi da su. Masu kwaskwarima su kuma suna cewa aikinsu na kyauta ne yake sa ana sayen wasa shekara 10 bayan fitowarsa, ribar kuma ba ta zuwa hannunsu. An gwada sasanta wannan a watan Afrilun 2015, lokacin da Valve da Bethesda suka buɗe sayar da kwaskwarimar Skyrim, inda mai aikin zai samu kashi 25 cikin 100, kamfanonin biyu su raba sauran. Cikin kwana 4 aka janye tsarin saboda fushin jama'a. Wasu sun ƙi shi ne don rabon bai yi adalci ba, wasu don ba sa son biyan abin da suka saba samu kyauta, wasu kuma don kwaskwarima da yawa a kan aikin wasu aka gina su, ba a san wa za a biya ba. Bethesda ya dawo da wani salon sayarwar a 2017, kuma har yau muhawarar ba ta mutu ba. Ra'ayina shi ne wanda ya kwashe shekara biyu yana aiki yana da haƙƙin neman lada, sai dai idan biya ya zama shi ne ƙa'ida, wanda zai fara faɗuwa shi ne ɗan wasan da katin bankinsa ba ya sayayya da dala.

Haɗarin da ke ciki

Kwaskwarima manhaja ce da baƙo ya rubuta, mutum kuma yake ba ta izinin aiki a na'urarsa. A watan Yunin 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa Fractureiser a cikin wasu kwaskwarimomin Minecraft a shafin CurseForge, bayan an yi kutse a asusun wasu masu ɗora kaya, kuma aikinta satar kalmomin sirri da bayanan shiga asusu. Wannan ya faru ne a shafin da aka sani, mai masu sa ido. Fasasshen kwafin da aka tura wa mutum ta WhatsApp ko Telegram, wanda ba a san wanda ya haɗa shi ba, kuma za a saka shi a wayar da manhajar banki take ciki, haɗarinsa ya ninka wannan. Wasan tsere da ke neman izinin karanta saƙonnin waya ba tseren ne ya dame shi ba.

Akwai kuma matsalar sabuntawa, domin duk lokacin da kamfani ya taɓa wasan, kwaskwarimar da aka gina a kan tsohon fasali tana iya daina aiki. Haka ta faru da Fallout: London, babban aikin 'yan sa-kai da aka shirya fitarwa a watan Afrilun 2024, sabuntawar da Bethesda ya yi wa Fallout 4 ta tilasta ɗage shi zuwa Yuli. Iyaye kuma ya kamata su sani cewa ƙimar shekarun da aka rubuta a jikin wasa ba ta shafi abin da aka ƙara masa daga waje ba.

Mai waya da mai Hausa

Kusan duk misalan da suka gabata na kwamfuta ne, kuma wannan shi ne babban giɓin da ke tsakaninmu da wannan al'ada. Na'urorin wasa sun buɗe ƙofa kaɗan: a 2016 Skyrim ya karɓi kwaskwarima a Xbox One har gigabait 5, a PlayStation 4 kuwa gigabait 1 kawai, ba a kuma yarda a shigo da sabon hoto ko sauti daga waje ba. A waya ƙofar ta fi ƙunci, saboda yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, kuɗin kamfani yana fitowa ne daga sayar da riguna da makamai da duwatsun cikin wasa, don haka barin mutum ya ƙera nasa kyauta tamkar rufe shagon ne. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa mai waya bai san wata mod ba sai fasasshiya. Duk da haka akwai halastattun kafofi. Dream League Soccer yana barin mutum ya shigo da riga da tambarin ƙungiyar da yake so, ta haka mai goyon bayan Kano Pillars ko Katsina United zai iya sanya wa 'yan wasansa kalar gida. Bus Simulator Indonesia na kamfanin Maleo yana karɓar fentin mota da sababbin motoci da jama'a suka ƙera, wanda ya sa wasan da aka yi domin titunan Indunusiya ya samu masoya a ƙasashe masu nisa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne harshe. Larabawa da Turkawa da 'yan Burazil sun daɗe suna fassara wasanni da kansu ta hanyar kwaskwarima idan kamfani bai kula da su ba, kuma Turawa ma sun yi haka da Mother 3 na Japan a 2008. Cikin dukkan nau'o'in kwaskwarima, fassara tana cikin waɗanda ba sa buƙatar zurfin ilimin kwamfuta, domin a wasanni da yawa rubutun yana zaune ne a fayil na daban da ake iya buɗewa a sauya jimla bayan jimla. Wahalar da mai Hausa zai fara cin karo da ita ita ce haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda salon rubutun wasanni da dama bai ƙunsa ba, sai su fito a matsayin akwati ko alamar tambaya, dole a nemi salon rubutun da ke ɗauke da su a saka. Wahala ta biyu ita ce tsawon jimla, saboda gurbin da aka tanada a allo don kalmar Turanci guda ɗaya ba lallai ya ɗauki kalmomin Hausa uku ba. Ta uku ita ce a daidaita kalmomi tun farko, don kada abu ɗaya ya fito da suna uku a wasa ɗaya. Ƙaramin wasa mai ɗaruruwan jimloli, wanda kamfaninsa ya yarda da kwaskwarima, aiki ne da ɗalibai huɗu ko biyar masu kwamfuta ɗaya za su iya kammalawa a hutun zango guda.